Kwana 736 babu kasafin kuɗi: yadda rigimar ƙarin haraji ta tsayar da jihar Illinois

Daga ranar 1 ga Yuli 2015 zuwa ranar 6 ga Yuli 2017, jihar Illinois ta ƙasar Amurka ta zauna ba ta da cikakken kasafin kuɗi. Kwana 736 ke nan. Jiha ce mai mutum kusan miliyan 13, a cikinta birnin Chicago yake, kuma tana cikin jihohin da suka fi ƙarfin tattalin arziki a ƙasar. Ba a yi yaƙi ba, ba a yi wata annoba ba, kasuwanni ma a lokacin suna farfaɗowa. Abin da ya tsayar da komai shi ne taƙaddama tsakanin gwamna da majalisar dokoki a kan harajin kuɗin shiga: a ƙara ko kada a ƙara, kuma in za a ƙara, da wane sharaɗi. Darasin da ke cikin lamarin yana wajen lissafi, domin a ƙarshe an ƙara harajin, amma sai da bashin takardun neman biya da jihar ba ta biya ba ya ninka sau uku.

Kafin a shiga rigimar, sai an san yadda jihar ke samun kuɗi. Jihohin Amurka ba su da kason da ake rabo daga asusun tarayya duk wata irin wanda jihohin Najeriya suka saba jira daga Abuja. Gwamnatin tarayya tana ba da tallafi, amma ɗaure yake da ayyuka na musamman kamar kula da lafiyar marasa ƙarfi da gyaran hanyoyi. Albashi da fansho da kuɗin makarantu da gidajen yari, galibinsu daga harajin da jiha ta tara da kanta suke fitowa. A Illinois manyan hanyoyin biyu ne: harajin kuɗin shiga na mutane da kamfanoni, da harajin sayayya wanda yake kashi 6.25 cikin ɗari.

Tsarin mulkin jihar na 1970 ya ɗaure hannun duk wanda zai rubuta kasafi a wurare uku. Ya ce harajin kuɗin shiga bai-ɗaya ne, wato kason da za a cire wa mai share asibiti shi za a cire wa mai banki, babu damar a ɗora wa masu hannu da shuni kaso mafi yawa. Ya ce kason kamfanoni kada ya wuce na mutane da fiye da 8 bisa 5. Sannan ya ce haƙƙin fansho na ma'aikacin gwamnati yarjejeniya ce da ba a rage ta, ba a taɓa ta. Ga kuma wasu ramuka biyu da doka ta bari: jihar ba ta karɓar haraji a kan kuɗin fansho da sauran kuɗin ritaya ko nawa ne, kuma harajin sayayya ya fi hawa kan kaya, ya bar yawancin ayyukan hidima kamar aski da aikin lauya. Saboda haka duk lokacin da aka ce a ƙara haraji, kusan hanya ɗaya ce a buɗe, ita ce a ɗaga kason nan na bai-ɗaya a kan kowa. Wannan shi ya sa maganar take da zafi a siyasar jihar tun 1969, shekarar da Gwamna Richard Ogilvie ya kawo harajin a kan kashi 2.5, aka kuma kayar da shi a zaɓen 1972.

Bashin fansho shi ne ciwon da ke ƙarƙashin komai. Shekara da shekaru gwamnonin jam'iyyun biyu da 'yan majalisa suna zuba wa asusun fansho ƙasa da abin da ya kamata, su karkatar da kuɗin zuwa wasu ayyuka. Dokar da aka yi a 1994 ta tsara biyan bashin cikin shekara 50, da burin cike kashi 90 cikin ɗari na asusun a 2045, amma ta sa biyan shekarun farko ya yi sauƙi, nauyin ya taru a gaba. Zuwa 2015 giɓin asusun fansho biyar na jihar ya haura dala biliyan 100, kuma abin da ake zubawa duk shekara yana cin fiye da kashi ɗaya cikin biyar na babban asusun jihar. Majalisa ta yi dokar rage wasu haƙƙoƙin a 2013. A watan Mayu 2015 Kotun Ƙolin jihar ta soke ta baki ɗaya, babu alƙali ko ɗaya da ya saɓa. Daga ranar ƙofar rage fansho ta rufe.

Ƙarin 2011 da abin da ya bari a zukata

A watan Janairu 2011, sa'o'i kaɗan kafin a rantsar da sabuwar majalisa, 'yan jam'iyyar Dimokurat suka ɗaga harajin mutane daga kashi 3 zuwa kashi 5, na kamfanoni daga 4.8 zuwa 7. Da ƙyar ƙudirin ya tsallake, ƙuri'a 60 a majalisar wakilai da 30 a ta dattawa, babu ɗan Rifablikan ko ɗaya a ciki, kuma cikin masu goyon bayan akwai waɗanda wa'adinsu ke ƙarewa a ranar. Gwamna Pat Quinn ya sa hannu. An gaya wa jama'a cewa na wucin gadi ne: ranar 1 ga Janairu 2015 zai sauka zuwa 3.75 ga mutane, 5.25 ga kamfanoni.

Nan ne masu adawa suka samu hujjarsu mafi ƙarfi, kuma hujja ce ta gaskiya. Shekara huɗu ana karɓar ƙarin biliyoyin daloli. Bashin 'yan kwangila ya ragu amma bai ƙare ba, giɓin fansho kuwa ƙaruwa ya yi, domin yawancin sabon kuɗin ya tafi ne wajen biyan kason fansho na shekara-shekara da ke ta hawa. Mai biyan haraji bai ga sabuwar makaranta ba, bai ga an sauƙaƙa masa harajin gida ba. Da Quinn ya fito a 2014 ya ce yana so kashi 5 ɗin ya zauna dindindin, sai mutane da yawa suka ce dama mun faɗa, wucin gadin gwamnati ba ya wucewa. Bruce Rauner, attajirin ɗan kasuwa na jam'iyyar Rifablikan wanda bai taɓa riƙe kujerar zaɓe ba, ya kayar da shi a Nuwamba 2014. Bayan zaɓen Rauner ya nemi majalisa mai barin gado kada ta tsawaita harajin, ita kuma ta bar shi ya sauka.

Saukar nan ta ɗebe wa jihar wajen dala biliyan 5 a shekara daga kasafin da bai kai biliyan 40 ba. Babu wanda ya rage kashe kuɗi da adadin da ya kai haka.

Abin da kowane ɓangare ya riƙe

Adawa da ƙarin harajin ba murya ɗaya ba ce, kuma rashin bambance muryoyin yana ɓata fahimtar lamarin. Akwai masu cewa ko sisin kwabo kada a ƙara, irin su cibiyar Illinois Policy Institute da wasu 'yan majalisa masu ra'ayin riƙau. Hujjarsu ita ce mutanen jihar sun riga sun ɗauki kaya: harajin gidaje da filaye na Illinois yana cikin mafi tsada a Amurka, saboda jihar na da ƙananan hukumomi masu ikon karɓar haraji kusan dubu bakwai, fiye da kowace jiha, kuma makarantu sun dogara da shi ƙwarai. Suna nuni da maƙwabciyarsu Indiana, inda harajin kuɗin shiga na jiha bai kai kashi 3.5 ba, suna cewa mutane da masana'antu na tsallaka iyaka.

Shi kuwa Gwamna Rauner matsayinsa daban ne. Bai ce har abada ba za a ƙara ba. Cewa ya yi zai duba maganar in an ba shi wasu gyare-gyare: a daskarar da harajin gidaje, wato a hana ƙara shi, a rage kuɗin da kamfanoni ke biya na diyyar ma'aikacin da ya ji rauni a wurin aiki, a ƙayyade wa'adin 'yan majalisa, a canja yadda ake shata mazaɓu, a kuma rage ƙarfin ƙungiyoyin ƙwadago wajen ciniki da ƙananan hukumomi. Kakakin majalisar wakilai Michael Madigan, wanda ya riƙe kujerar tun 1983 in ban da shekara biyu, ya ce waɗannan ba maganar kasafi ba ce, kuma ba zai sayar da ma'aikata don a samu kasafi ba. A wajen 'yan Dimokurat, ƙungiyoyin ƙwadago su ne masu ƙuri'a da masu kuɗin kamfe. A wajen Rauner, kasafin shi ne kaɗai abin da zai matsa musu da shi.

Akwai kuma adawa ta uku da ba a cika faɗa ba, ita ce ta 'yan Dimokurat ɗin kansu. A 2015 suna da kujera 71 cikin 118 a majalisar wakilai, 39 cikin 59 a ta dattawa, wato a takarda suna da kashi uku cikin biyar da ake buƙata don tsallake kujerar na-ƙi ta gwamna. Amma sun ga abin da ya sami Quinn, ba su yarda su sake ɗaukar laifin ƙarin haraji su kaɗai ba. A Mayu 2015 suka zartar da kasafin da kuɗin kashewarsa ya fi kuɗin shiga da fiye da dala biliyan 3, suka miƙa wa gwamna ba tare da dokar haraji ba. Rauner ya sa hannu a kan kason makarantun firamare da sakandare kawai, ya yi watsi da sauran. Kowa ya ja daga, yana jiran ɗan'uwansa ya fara furta kalmar haraji.

Yadda kuɗi ya ci gaba da fita babu kasafi

Wanda bai san tsarin ba zai ɗauka rashin kasafi na nufin an kulle baitulmali. Da haka ne, da rigimar ba ta kai wata guda ba. Abin da ya faru shi ne kusan kashi 90 cikin ɗari na kuɗin da jihar ta saba kashewa ya ci gaba da fita ta wasu ƙofofi. Biyan bashin takardun lamuni da kason fansho suna da dokokin da ke ba da izinin biya kai-tsaye ko babu kasafi. Albashin ma'aikatan jiha, wata kotu a gundumar St. Clair ta ba da umarnin a ci gaba da biya. Shirin lafiyar marasa ƙarfi da kula da yaran da ke hannun hukuma da masu buƙata ta musamman, tsofaffin yarjejeniyoyin kotun tarayya sun tilasta biyansu. Makarantu kuma gwamna ya riga ya sa musu hannu. Sai ya zama jihar tana kashe kuɗi a kan ma'aunin lokacin da haraji yake kashi 5, tana karɓa a kan 3.75, kuma babu wanda ya zauna ya zaɓi abin da za a rage.

Ragowar kashi 10 ɗin su suka sha wuya: jami'o'in gwamnati, kwalejoji, tallafin karatu na ɗalibai marasa ƙarfi, da ƙungiyoyin da jiha ke ba kwangilar kula da tsofaffi a gidajensu, masu taɓin hankali, masu fama da shaye-shaye, da matan da suka gudo daga dukan miji. Waɗannan ba su da umarnin kotu a hannu. Jihar ta sa hannu a kwangila da su, ta ce su ci gaba da aiki, amma babu izinin biya. A Janairu 2016 ƙungiyar Lutheran Social Services of Illinois, ɗaya daga cikin mafi girma a fannin, ta rufe shirye-shirye 30 ta sallami ma'aikata 750. Jami'ar Chicago State, wadda yawancin ɗalibanta baƙaƙen fata ne daga gidaje masu ƙaramin ƙarfi, ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan kuɗi a Fabrairu 2016, ta sallami ma'aikata fiye da 300 a ƙarshen Afrilu. Ɗalibai fiye da dubu ɗari da ke dogaro da tallafin karatu suka rasa tabbas, da yawa daga cikin masu gama sakandare suka nemi jami'o'in wasu jihohi. Gamayyar ƙungiyoyin jin ƙai ta kai jihar ƙara a 2016 tana neman kuɗin aikin da ta riga ta yi, kuma cikin masu ƙarar har da wata cibiyar kula da ƙananan yara da matar gwamnan, Diana Rauner, ke shugabanta. Kotu ta kori ƙarar: inda majalisa ba ta ware kuɗi ba, babu biya.

Har ƙananan abubuwa sun taɓu. Ofishin da ke sabunta lambar mota ya daina aika wa mutane takardar tunatarwa saboda babu kuɗin gidan waya, mutane suka riƙa makara suna biyan tarar dala 20. Hukumar cacar jiha ta riƙa ba wanda ya ci fiye da dala 25,000 takardar alkawari a maimakon kuɗi, daga baya ta sauko da iyakar zuwa dala 600. An rufe gidan tarihin jiha da ke Springfield, babban birnin jihar, na tsawon wata tara.

Inda asarar ta fi yawa ba a ganin ta da ido. Duk takardar neman biya da ta iso ofishin kwanturola, wato jami'in da ke fitar da kuɗin jiha, sai ta shiga layi in babu kuɗi a asusu. Dokar jihar ta ce in takarda ta wuce kwana 90 ba a biya ba, ruwa na kashi 1 cikin ɗari duk wata ya fara hawa, wato kashi 12 a shekara. Takardun asibitoci da likitoci na inshorar lafiyar ma'aikata kuwa kashi 9 ne a shekara. A ɗauki ɗan kwangilar da ya kai wa gidan yari abinci na dala 100,000. Bayan kwana 90, jihar na ƙara masa dala 1,000 duk wata. In ta shekara a haka, ta ci bashin dala 12,000 a kan abincin da aka riga aka cinye. Shi kuma ɗan kwangilar ba zai iya jira ba, yana da ma'aikata da masu ba shi kaya. Sai ya sayar da takardar ga wani kamfanin kuɗi a ƙarƙashin shirin da jihar ta amince da shi: a ba shi kashi 90 nan take, sauran 10 sai ranar da jiha ta biya, ruwan kuma gaba ɗaya na kamfanin ne. Haka jihar ta mai da 'yan kwangilarta banki, bankin da ya fi kowane tsada. Wasu likitocin haƙori da asibitoci suka fara cewa ma'aikacin gwamnati ya biya da kuɗinsa tukuna, ya je ya jira jiha ta mayar masa.

Layin takardun da yake wajen dala biliyan 5 a tsakiyar 2015 ya kusa biliyan 15 a tsakiyar 2017, ya kai ƙololuwa a biliyan 16.7 a Nuwamban shekarar. Ruwan jinkiri kaɗai ya haura dala biliyan 1. Wannan kuɗi ne na masu biyan haraji da bai saya wa kowa komai ba, kuma shi ne babban abin da ya kamata a tuhumi ɓangarorin biyu da shi.

Tura ta kai bango

A ƙarshen Yuni 2016 aka yi kasafin toshe-ɓaraka na wata shida don a wuce zaɓe. A zaɓen 'yan Dimokurat suka rasa kujeru, suka koma 67 a majalisar wakilai, ƙasa da 71 da ake buƙata. A farkon 2017 shugaban majalisar dattawa John Cullerton da jagorar 'yan Rifablikan a zauren, Christine Radogno, suka ɗinka wata babbar yarjejeniya mai ƙudirori kusan goma sha biyu da aka ɗaure su da juna, har da ƙarin haraji da daskarar da harajin gidaje. A watan Maris ta wargaje. 'Yan Dimokurat suka zargi gwamna da janye ƙuri'un jam'iyyarsa, shi kuma ya ce yarjejeniyar ba ta kai yadda za ta amfani masu biyan haraji ba. Radogno ta sanar da ajiye kujerarta a ƙarshen Yuni.

Abin lura a nan shi ne, zuwa Yuni 2017 babu sauran gardama a kan adadin. Shawarar da 'yan Rifablikan suka gabatar da goyon bayan gwamna ita ma ta ginu ne a kan kashi 4.95, sai dai na shekara huɗu, haɗe da daskarar da harajin gidaje na shekara huɗu. 'Yan Dimokurat suna son 4.95 na dindindin. Shekara biyu ana kai ruwa rana, ashe kowa ya san ramin ba ya cikuwa sai da wannan kuɗin.

Abubuwa huɗu suka haɗu cikin wata guda. Ranar 1 ga Yuni kamfanonin auna darajar bashi na S&P da Moody's suka sauko da jihar zuwa mataki na ƙarshe kafin a kira takardun lamuninta shara, abin da bai taɓa samun wata jihar Amurka ba, kuma aka yi gargaɗin cewa in sabuwar shekarar kuɗi ta shiga babu kasafi za a iya ƙarasa ta. Ma'aikatar sufuri ta sanar da 'yan kwangila cewa aikin hanyoyi zai tsaya ranar 30 ga wata, a tsakiyar lokacin aiki. Manyan wasannin caca na ƙasa, Powerball da Mega Millions, suka dakatar da sayar da tikiti a jihar. Ranar 30 ga Yuni kuma alƙaliyar kotun tarayya Joan Lefkow ta umarci jihar ta riƙa biyan dala miliyan 586 duk wata ga shirin lafiyar marasa ƙarfi, ta kuma biya biliyan 2 daga tsohon bashinsa cikin shekara. Kwanturola Susana Mendoza ta yi gargaɗin cewa kuɗin da ke shigowa ba zai ishi waɗannan da albashi da fansho da makarantu a lokaci ɗaya ba.

Akwai ƙa'idar da ta ƙara wa aikin nauyi. A Illinois, duk dokar da aka zartar bayan 31 ga Mayu, in ana so ta fara aiki nan take, sai da kashi uku cikin biyar. Ba makawa sai an sami 'yan Rifablikan. Ranar Lahadi 2 ga Yuli majalisar wakilai ta zartar da ƙarin da ƙuri'a 72 da 45, 'yan Rifablikan 15 suka bi, yayin da wasu 'yan Dimokurat daga mazaɓu masu haɗari suka ƙi. Da yawa daga cikin 15 ɗin daga yankunan karkara suke, inda jami'ar gwamnati ko gidan yari ko asibiti ne babban mai ɗaukar ma'aikata a garin. Sun ga abin da ke faruwa a ƙofar gidajensu. Ranar 4 ga Yuli, ranar bikin 'yancin kan Amurka, majalisar dattawa ta zartar da ƙuri'a 36, daidai adadin da ake buƙata, da ɗan Rifablikan guda. Gwamna ya hau kujerar na-ƙi a ranar, dattawan suka tsallake shi a ranar. Ranar 6 ga Yuli wakilai suka tsallake shi da ƙuri'a 71 da 42, babu rarar ko ɗaya, 'yan Rifablikan sun ragu zuwa 10 bayan matsin da suka sha a kwanakin.

Harajin mutane ya koma 4.95, na kamfanoni 7, ban da wani kashi 2.5 da kamfanoni ke biya daban wanda ke tafiya ga ƙananan hukumomi. An yi kiyasin zai kawo wajen dala biliyan 5 a shekara ga kasafin biliyan 36, wanda a cikinsa aka rage wa jami'o'i kashi 10.

Kashi 32 ko maki 1.2

Masu adawa sun kira shi ƙarin kashi 32 cikin ɗari. Masu goyon baya suka ce maki 1.2 ne kawai, kuma bai kai abin da ake biya a 2014 ba. Duka biyun lissafi ne daidai: 1.2 bisa 3.75 shi ne kashi 32. Ga ma'aikacin da kuɗin da ake cire masa haraji a kai ya kai dala 50,000 a shekara, da yana biyan 1,875, yanzu 2,475. Bambancin dala 600 ne a shekara, 50 a wata. Ga iyalin da ke biyan hayar gida da kuɗin renon yara, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma bai kamata a raina kukansu ba, musamman da yake attajiri da lebura kaso ɗaya ake cire musu. Dokar ta ɗan rage zafin ta hanyar faɗaɗa rangwamen da ake yi wa masu ƙaramin albashi, ta kuma cire wa masu samun kuɗi da yawa wasu rangwame.

Raunin masu adawa yana wani wuri. Wanda ya ce kada a ƙara haraji a jihar da kotu ta hana taɓa fansho, kotun tarayya ta tsare kuɗin lafiya, doka ta tsare biyan bashi, kuma kowa ya yarda ba za a taɓa makarantu ba, wajibi ne ya kawo jerin abin da zai yanke na dala biliyan 5 daga ɗan abin da ya rage, ya kuma nemo masa ƙuri'a. Kasafin farko da Rauner ya gabatar a 2015 ya jingina ne da tanadin fiye da biliyan 2 daga gyaran fanshon da bai zama doka ba, na 2017 kuma ya bar giɓin fiye da biliyan 4 da ya ce yarjejeniyar majalisar dattawa za ta cike. Gyare-gyaren da ya nema, ko da an yarda suna da amfani ga kasuwanci, ba su kawo kuɗin da zai biya takardun wannan shekarar. Laifin 'yan Dimokurat kuma a fili yake: su ne suka tsara haraji mai ranar mutuwa ba tare da shirin abin da zai biyo baya ba, suka zartar da kasafi mai giɓi suna sane, suka kuma ƙi taɓa harajin gidaje da yawan ƙananan hukumomi, wanda shi ne ainihin abin da ke ci wa jama'a tuwo a ƙwarya.

Abin da ya biyo baya

A ƙarshen 2017 jihar ta sayar da takardun lamuni na dala biliyan 6 a kan ruwan da ke wajen kashi 3.5, ta biya takardun da ke cin kashi 9 zuwa 12. Da yake wani ɓangare na bashin na shirin lafiya ne, biyansa ya jawo kason gwamnatin tarayya, layin ya sauko zuwa wajen biliyan 9 cikin 'yan makonni. Wannan hanya tana nan tun farko, rashin doka ne ya hana a bi ta. Wata rigima a kan rabon kuɗin makarantu ta ɗan ƙara jan lokaci har zuwa 31 ga Agusta, ranar da gwamna ya sa hannu a sabon tsarin rabon.

'Yan Rifablikan da suka goyi bayan ƙarin sun biya farashi. An sauke Steve Andersson daga muƙaminsa na jagoran muhawara na jam'iyyar a zauren wakilai, kuma shi da wasu da dama ba su sake tsayawa takara ba. Rauner ya yi kamfe da alkawarin sauko da harajin a hankali, amma a Yuni 2018 ya sa hannu a kasafin da ya dogara kacokan a kan kuɗin ƙarin da ya ƙi. Da ƙyar ya tsallake zaɓen fitar da gwani, sannan J.B. Pritzker na Dimokurat ya kayar da shi da tazara mai faɗi a Nuwamba.

Faɗuwar Rauner ba ta nufin jama'a sun koma son haraji. Pritzker ya nemi a gyara tsarin mulki a cire sharaɗin bai-ɗaya, a ɗora kaso mafi yawa a kan masu samun fiye da dala 250,000 a shekara. Ya zuba fiye da dala miliyan 50 daga aljihunsa a kamfe, attajiri Ken Griffin ya zuba kwatankwacin haka a ɓangaren adawa. Masu adawar ba su tsaya kare attajirai ba. Tambayar da suka riƙa yi wa mutane ita ce ko sun yarda su ba 'yan Springfield ƙarin iko a kan aljihunsu, kuma suka yi ta gargaɗin cewa gobe kuɗin ritaya za a waiwaya. A Nuwamba 2020, a jihar da Joe Biden ya lashe cikin sauƙi, kusan kashi 53 cikin ɗari suka ce a'a. Harajin ya zauna a kan 4.95 ga kowa. A tsakiyar 2021 Moody's ya ɗaga darajar bashin jihar, karo na farko cikin fiye da shekara ashirin, bayan kuɗin haraji da tallafin korona na tarayya sun ba ta damar rage layin takardun. Giɓin fansho kuwa a lokacin yana sama da dala biliyan 130.